Yadda Ake Horar da Masanin Cututtuka Masu Yaɗuwa

Ya ku hakimai, da ku malaman hakimai.

Wata rana yaro zai sauka 'Yargoje ko Faskari ko Sabuwa da kwalabe da takarda, ya ce daga jami'a yake, yana roƙon a ba shi jini ko fitsarin mutane. Ya kamata ku san ko shi wane ne, da irin matakin da ya taka kafin ya iso ƙofarku.

Wannan ɗalibi ya riga ya gama digiri na farko, watau shekara 4 a ilimin ƙwayoyin cuta, ko 6 in likita ne. Kana ya yi na biyu. Yanzu yana neman na uku, wanda ake kira digirin digirgir. A Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, wadda aka buɗe a 1962, da sauran jami'o'inmu, wannan aiki yakan ci shekara 3 ko fiye.

Aikin kashi uku ne. Da fari sai a haɗa shi da malamai biyu ko uku masu lura da shi. Ya karanta abin da magabata suka gano, ya zaɓi tambaya guda, ya karanta shirinsa gaban malamai su yi masa gyara. Har wa yau sai kwamitin kare haƙƙin mutane ya duba shirin, ya ba shi takardar izni.

Kashi na biyu shi ne fita ƙauyuka. In tsargiya yake bi, sai ya karɓi fitsarin yara, ya tsinto katantanwa a tafki, ya koma ɗakin gwaji ya duba ƙwan tsutsar da madubin likita.

Kashi na uku, ya rubuta littafi a kan abin da ya gano. Sai a ɗauko shehun malami daga wata jami'a ya titsiye shi da tambayoyi. In ya ci, majalisar jami'a ta tabbatar masa da digiri.

To, kun ga kashi na tsakiya a ƙasarku yake. Maƙwabtanmu na Malumfashi sun ga irinsa a shekarun 1970, sa'ad da masana daga Zariya da Libaful ta Ingila suka ƙidaya mutane gida-gida, suka binciki tsargiya da zazzaɓin cizon sauro.

Saboda haka, in ɗalibi ya zo, malami ya nemi takardar iznin nan ya karanta, ya rubuta sunansa da na jami'arsa. A tara dagatai da masu unguwanni ya yi musu bayani da Hausa. Kada a tilasta wa kowa, kada a taɓa yaro sai da yardar iyayensa. Ku kuma ɗaure shi da alkawarin komowa ya gaya muku abin da ya gano, gama cutar a jikin talakawanku take.

Allah ya ba mu lafiya, amin.