Kwamfutar wasa a Jibiya: a haɗa ko a saya?

A Jibiya akwai samarin da ke tara kuɗin kwamfutar wasa, wani don nishaɗi, wani don ya buɗe shagon buga ƙwallon FIFA. Abin da ke raba musu hankali shi ne: a sayi haɗaɗɗiya, ko a sayo kayan ɗaya-ɗaya a haɗa?

Tun da aka saki naira a watan Yunin 2023, sabuwa fil ta fi ƙarfin aljihun talaka. Maƙwabtanmu na Maraɗi da ke tsallakowa ta Magama da sefa sun fi mu sararin ciniki, musamman bayan an sake buɗe iyaka a Maris 2024.

Ni dai ina bayan haɗawa, muddin akwai masani a kusa, domin in wani abu ya lalace shi kaɗai za a canza. Sai dai fa sai an je Farm Centre a Kano, ko a yi oda daga Computer Village a Ikeja. Katin hoto shi ke cinye kuɗin, kuma galibi tokumbo ne, wani ma an gajiyar da shi wajen haƙar kirifto. Kafin ka biya, malam, sa a kunna wasa a gabanka na rabin awa, ka ɗora hannu a kan akwatin, ka saurari ƙarar fanka.

Kada kuma ka ƙarar da kuɗin kaf. Wutar KEDCO ba ta da alkawari, ƙurar hunturu kuma toshe fanka take yi. Ware na sitabilaiza da batirin sola tun farko.