Jawabin Babban Baƙo a Walimar Kammala Karatun Ɗalibai a Umm Salal

 

Mai girma shugaban taro, malamanmu masu daraja, iyaye maza da mata, da ku 'ya'yanmu da aka taru dominku, barkanmu da yamma. Godiya ta tabbata ga Allah da Ya nuna mana wannan rana. Iyaye, sannunku da ɗawainiya, Allah Ya saka da alheri.

An ce in yi magana a kan neman aiki. Zan tsaya a kan ganin farko, domin a nan ne yaranmu masu hazaƙa suke yawan faɗuwa.

Ku fara da sanin ƙasar da kuke ciki. A Qatar baƙi sun ninka 'yan ƙasa sau da yawa, don haka takardarka za ta sauka a tebur ɗaya da ta ɗan Indiya, da ta ɗan Masar, da ta ɗan Filifin. Ga kuma Doka mai lamba 12 ta shekarar 2024, wadda ta fifita 'yan ƙasa a guraben kamfanoni masu zaman kansu. Haƙƙinsu ne, ba abin ƙorafi ba ne, amma gurbin da ya rage ya ƙara matsewa.

Nan kusa da mu, a Umm Salal Muhammad, akwai hasumiyoyin Barzan, inda a zamanin da mutane suke hawa su hango jiragen ruwa tun suna nesa. Haka mai ɗaukar ma'aikata yake, ya riga ya hango ka kafin ka taka ƙofarsa. Ya ga takardar tarihin karatunka, ya ga saƙon imel ɗinka, wataƙila ya leƙa shafinka na LinkedIn. In adireshin imel ɗin yana ɗauke da laƙabin da abokai suke yi maka kirari da shi a majalisa, canza shi yau. Duba sunanka ma. Muhammad a fasfo, Mohammed a takardar digiri, Mamman a ta sakandare: a gida kowa ya san mutum ɗaya ne, amma jami'in da ke tantance takardu bai san kakanka ba.

Sai babbar maganar, wato kunya. Mu ne muka koya muku sunkuyar da kai a gaban manya, muka ce yabon kai jahilci ne, kuma ba mu yi nadama ba. Sai dai a ɗakin ganawa, mai tambayarka bai tashi a Kano ko Maraɗi ba. In ya ce faɗa min abin da ka iya, kai kuma ka kafa ido a ƙasa ka ce "ɗan abin da ba a rasa ba", abin da zai rubuta shi ne ba ka iya komai ba. Faɗin aikin da ka yi ba alfahari ba ne, shaida ce. Ka ce na yi horon aiki a wuri kaza, ga abin da aka ba ni, ga yadda na kammala shi. Ɗaga kai, ka dube shi, ka buɗe murya. 'Ya'yana mata, wannan maganar ta fi shafar ku: hijabinki ba zai hana a ji ki ba, sai in ke kika danne muryarki.

Ladabin kuma kada ku yar da shi a bakin ƙofa, don nan ƙasa ce da ta san darajarsa. Ku kira Dakta da Dakta, Injiniya da Injiniya. In namiji ne da mace, ɗora hannu a ƙirji ya isa gaisuwa. Lokaci kuwa ba a yi masa "in an jima". Makon aiki daga Lahadi ne zuwa Alhamis, hanyar Shamal kan cika da motoci da safe, kuma ba wanda zai karɓi cunkoso a matsayin uzuri.

Roƙona ga manyanmu da suka riga suka kama aiki a Doha: kowa ya ɗauki ɗalibi ɗaya cikin waɗannan, ya duba masa takardunsa, ya zaunar da shi ya yi masa tambayoyin gwaji kafin ranar ganawa. Ku kuma ɗalibai, kada ku jira a neme ku, ku same su kafin a watse.

Allah Ya sa albarka a karatunku, Ya ba ku aiki na halal.