A Ɗebi Ƙamshi, A Bar Tushe

Yau zancen turare za mu yi, amma daga nesa za mu ɗauko shi.

A Amurka akwai ƙabilar Ceroki, 'yan asalin ƙasar tun kafin zuwan Turawa. Suna girmama wani itace mai ƙamshi, sida. Mai bincike James Mooney, da ya fara zama cikinsu a 1887, ya rubuta cewa 'yan ɗanyun rassansa suke jefawa a wuta ya zama turare a bukukuwansu, amma ba sa yin makamashi da icen. In kuma sun je haƙar saiwar ginseng, sai su wuce tushe uku, su haƙi na huɗu.

To mu fa, masu haɗa turaren wuta da humra? In kika tumɓuke jema da kajiji kakaf, baɗi da kuɗin adashi za ki saye su, riba ta tafi. Ki raba tushen jema, ki mayar da rabi ƙasa. Hano kuwa, kar a sassaƙe ɓawonsa zagaye, mutuwa yake yi.

Kafin taro na gaba, kowace ta duba inda take ɗiba: me ya rage?