Yarjejeniyar da Ma'aunin Yanayi Ke Yi wa Alƙalanci

 Yau shirinmu zai duba wata irin yarjejeniyar kuɗi wadda ake biyan diyya a cikinta ba tare da an tura jami'i ya ga ɓarna da idonsa ba. Alƙalinta ma'auni ne: na sanyi, na zafi ko na ruwan sama.

Abin ya samo asali ne daga kamfanonin makamashi na Amurka. Mai sayar da iskar gas ta ɗumama gidaje, hunturu ne kakarsa. In sanyi ya tsananta, ciniki ya buɗe. In hunturu ya zo da sauƙi, haja ta yi kwantai. A 1997 kamfanonin Koch da Enron suka ƙulla ɗaya daga cikin yarjejeniyoyin farko, bisa sanyin birnin Milwaukee.

Ga yadda lissafin yake. Ana ɗaukar kimanin digiri 18 na Salshiyas a matsayin mizani. Ranar da matsakaicin zafi ya tsaya a digiri 8, an samu maki 10 ke nan. Haka za a yi ta tarawa har sanyi ya wuce. In jimillar ta gaza adadin da aka rattaba hannu a kai, wanda ya ɗauki kasadar sai ya biya mai gas, ya cike masa giɓin ciniki. A 1999 kasuwar Chicago Mercantile Exchange ta fara hada-hadar irin waɗannan takardu a fili.

Daga nan dabarar ta iso Afirka, inda babban abin tsoro shi ne fari. A 2006 Hukumar Abinci ta Duniya ta biya kamfanin inshora na AXA Re dala dubu 930 domin kare manoman Habasha. Sharaɗin shi ne, in tashoshi 26 na auna ruwan sama suka nuna damina ta gaza, kamfanin zai biya har dala miliyan 7.1. A shekarar ruwa ya wadata, don haka ba a biya ko sisi ba, amma an ga cewa tsarin mai yiwuwa ne.

Tarayyar Afirka ta kafa hukumar ARC a 2012 a kan wannan turba, tana dogaro da bayanan tauraron ɗan'adam. Nijar na cikin ƙasashe 4 da suka fara shiga, tare da Senegal, Muritaniya da Kenya. Da daminar 2014 ta yi gardama a yankin Sahel, a farkon 2015 aka biya ƙasashe 3 sama da dala miliyan 26, Nijar ta samu kimanin miliyan 3.5. Kuɗin sun tafi wajen abinci, abincin dabbobi da tallafin kuɗi. Amfanin saurin a bayyane yake: taimakon da ya zo kafin magidanci ya sayar da sansa na huɗa ko ya cinye irin shuka ya fi wanda ya zo bayan rumbu ya ƙare.

Sai dai ma'auni yakan saɓa wa abin da ke gona. A Malawi, farin 2016 ya jefa mutane sama da miliyan 6 cikin buƙatar abinci, amma lissafin ARC ya nuna ɓarnar ba ta kai a biya ba. Da aka bincika, sai aka gano an gina lissafin a kan masara mai daɗewa kafin ta nuna, alhali manoma da yawa 'yar kwana 90 suka shuka, kuma ruwa ya ɗauke daidai lokacin da take buƙatarsa. Bayan gyara aka amince da biyan dala miliyan 8.1, watanni da dama bayan yunwa ta riga ta shiga gidaje.

Shi ya sa ƙungiyar manoman da aka kawo wa irin wannan inshora ya kamata ta yi tambayoyi uku kafin ta zuba kuɗi. Ina ma'aunin yake, kuma kilomita nawa ne tsakaninsa da gonaki? Wane iri aka yi lissafi da shi? Kwana nawa ake ɗauka kafin kuɗi su fito?