Jawabi A Kan Halin Mazajen Da Ke Dukan Matansu



Idan aka gurfanar da magidanci gaban alƙali saboda ya doki matarsa, sau da yawa uzurinsa ɗaya ne, wai zuciya ce ta ɗebe shi. To, amma wannan mutum yakan fusata da shugabansa a wurin aiki, bai kuwa taɓa ɗaga masa hannu ba. Ashe ya san inda yake kai hannunsa. Masana halayyar ɗan Adam sun daɗe suna nazarin irin waɗannan mazaje, sun kuma gano cewa aibin yana farawa ne tun daga tunani.

A shekarar 1993 wata malama a Jami'ar Indiyana ta Amurka, Amy Holtzworth-Munroe, ta gabatar wa mazaje misalai na saɓani tsakanin miji da mata, ta nemi su faɗi nufin matar. Masu dukan mata sun fi saura saurin cewa da gangan ta yi don ta cuce su, musamman inda akwai kishi, ko ƙin kula miji, ko kunyata shi cikin mutane. Watau irin wannan miji, in matarsa ta makara daga unguwa ba ya tunanin rashin mota, raini kawai yake gani. Bayan duka kuma sai ya ƙanƙanta abin, ya ce ɗan mari ne, ita ta ja.

A 1994 malamar da Gregory Stuart suka kasa su gida uku. Akwai wanda hannunsa bai wuce gidansa ba, a waje kowa na yabon kirkinsa. Akwai mai fargabar kada a rabu da shi, ga kishi mai tsanani, yau kuka da neman gafara, gobe sanda. Na uku shi ne mai rigima da kowa, marar tausayi, galibi mai shaye-shaye.

A nan muke jan hankalin iyaye da waliyyai. Lokacin da mace ta yi yaji ko ta nemi rabuwa yana cikin lokatan da suka fi haɗari gare ta. Saboda haka hawayen mai biko bai isa hujjar mayar da ita ba, balle in ya taɓa shaƙe ta ko ya yi mata barazanar kisa.

Dokar hana cin zarafin jama'a ta 2015 ta tanadi ɗaurin da bai wuce shekara 3 ba, ko tarar da ba ta wuce naira 200,000 ba, ko duka biyu, ga wanda ya doki abokin aurensa. Kotu kuma tana iya ba da umarnin hana shi kusantar matar. A Abuja hukumar NAPTIP ce ke kula da wannan doka. A jihohi, sai a kai ƙara ofishin 'yan sanda ko ma'aikatar harkokin mata, a tafi da takardar asibiti in an ji rauni.