Shamuwa Da Ungulu A Ƙasar Maijirgi

 

Cikin shekaru ɗarin nan da muke tunawa, manomin Maijirgi bai taɓa fitar da iri ba sai ya dubi sama. Shamuwa ce mai busharar damina. Takan iso wajen watan Mayu daga kudancin Afirka, ta yi sheƙa a tsakiyar gari, ba mai jifanta. Ungulu kuwa, wadda dā take cika mahauta ranar kasuwa, yau ganinta ya yi wuya. Guba da cinikin sassan jikinta sun ci ta. Tun 2015 aka sa ta cikin tsuntsayen da ke bakin ƙarewa.

A Turai ƙungiyoyi ne ke fita da jama'a kallon tsuntsaye. Mu dattawa gare mu, su ne suka san sunan kowane tsuntsu da lokacinsa. Roƙona ga fada shi ne, kowace damina su fita da ƴan makaranta bakin tabki da sassafe, su nuna musu balbela da kirinjijiya, a ƙidaya sheƙunan shamuwa unguwa-unguwa, a rubuta, a ajiye a fada.