Katagum da Bakin Kogin Jama'are: Jawabi Ga Masu Niyyar Ziyara



Da yawa daga cikinmu suna zaton ba a samun hutawa a bakin ruwa sai an sauka Legas ko Badagiri, inda teku take. To, ba haka abin yake ba. Allah ya hore wa Arewa koguna da tafkuna da fadamu, kuma yau za mu yi magana a kan ɗaya daga cikinsu, wato tsohon birnin Katagum, hedkwatar Ƙaramar Hukumar Zaki a Jihar Bauci.

Garin yana arewa da Azare, a gaɓar Kogin Jama'are. Wannan kogi ya taso ne daga tsaunukan Jos, inda ake kiran sashensa na sama Bunga, ya gangaro har ya haɗu da Kogin Haɗeja, suka zama Komadugu Yobe mai zuba a Tafkin Cadi. Malam Zaki, mai tutar Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, shi ya kafa masarautar. A 1824 Bature matafiyi Kyaftin Kilafatan ya sauka a garin zamanin Sarki Ɗankauwa, ya yi mamakin ƙarfin ganuwarsa da ramukan da suka kewaye ta. Da aka mai da gidan sarauta Azare a 1916, sai hayaniya ta bi sarki, Katagum ta zauna shiru da masuntanta da manoman fadama. Wannan shirun shi ne abin da baƙo zai je nema.

Lokacin da ya fi dacewa shi ne daga Nuwamba zuwa Fabrairu. Ruwa ya ja baya, rairayi ya fito fari a gaɓa, hanya ta bushe. Da sassafe za ku ga masunta a kan gora da kwalekwale suna kamun tarwaɗa da karfasa, ga goriba jere a bakin fadama, ga lambunan albasa da tattasai.

A wannan lokaci ne kuma tsuntsaye suke ƙaura daga Turai, su ƙetare Sahara, su sauka a dausayin Haɗeja da Nguru da ke arewa da garin. Nan suke tarar da dinya da kirinjijiya da zalɓe, 'yan gida. Saboda darajar wurin aka sa Tafkin Nguru cikin jerin dausayoyin duniya na yarjejeniyar Ramsar a shekarar 2000, sannan Baturiya da Dagona, da Tafkin Maladumba na kusa da Misau, suka bi baya a 2008. Wanda ya biyo ta Azare kuwa, ya ratse zuwa duwatsun Shira ya ga zane-zanen da mutanen da suka bari a jikin dutse.

Amma fa, jama'a, wannan arziki yana cikin haɗari. Tun da aka gama madatsar Tiga a 1974 da ta Challawa a 1992, ambaliyar da ke shayar da fadamun Haɗeja ta sauya, ciyawar kacala ta toshe magudanai da yawa, ta cinye gonaki da wuraren su. Kogin Jama'are, wanda ba a datse shi da babbar madatsa ba, shi ne yake ɗauke da babban rabo na ruwan da ke isa ƙasa. In baƙi suka ƙara masa ɓarna, talakawan da ke ci daga gare shi su ne za su fara shan wahala.

Saboda haka muna roƙon mai ziyara ya kiyaye waɗannan abubuwa. Na farko, ya fara gaida mai gari ko mai unguwa, ya nemi ɗan jagora, domin baƙo ko da idonsa makaho ne. Na biyu, kada ya shiga kwalekwalen da aka cika maƙil, kada ya hau ruwa da dare, ya nemi rigar ruwa in akwai. Na uku, a hana yara wanka a kududdufi da ruwan da ba ya gudu, gama nan katantanwa mai ɗauke da cutar tsargiya take zama. Wanda ya ga jini a fitsarinsa bayan ya dawo, ya hanzarta zuwa asibiti. Na huɗu, a kwana cikin gidan sauro. Na biyar, kada a harbi tsuntsu, kada a zuba guba a ruwa don kifi, kada a sa wa daji wuta, kada a bar leda a gaɓa. Haka nan kada a ɗauki hoton kowa sai da izininsa.

Daga ƙarshe, in za ku sayi banda ko tabarma, ku saya hannun mutanen garin, ku biya su da kyau. Masunci da ya ga amfanin baƙo, shi zai fi kowa tsare kogin.

Allah ya kai ku lafiya, ya dawo da ku lafiya. Wassalam.